Shin ƙananan kyaututtuka da kyautatawa suna amfanar mai ciwon damuwa mai tsanani?

Tambaya

Yayana tela ne, yana da mata da 'ya'ya uku. Yau wata huɗu ke nan rabonsa da buɗe shago. Ba ya fita sai da ƙyar, abinci sai an matsa masa, ya rame, da dare kuma idonsa biyu. Mun kai shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya ɗora shi a kan magani. Ni ba ni da abin da zan iya yi masa sai ɗan abin da nake riƙo masa idan zan je: yau fura, gobe tsire, wani lokaci turare. Kwanaki na saya masa hula, har yanzu tana cikin ledarta bai buɗe ba, kuma ko sannu ba ya ce mini. Wani kawunmu ya ce lallashin da muke yi ne yake sangarta shi, a ƙyale shi zai tashi da kansa. Shin irin wannan ƙaramar kyauta tana amfanar mai wannan ciwo, ko wahalar banza nake yi?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya kai ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri a kan wannan zumunci, Ya bai wa yayanka lafiya. Abin da kake yi yana da amfani, kada ka daina. Sai dai ka san matsayinsa: kyauta ba ta warkar da ciwon damuwa mai tsanani, kamar yadda ba ta ɗora karaya. Aikinta shi ne ta riƙe marar lafiya a cikin mutane, ta rage masa nauyi, har zuwa lokacin da magani zai kama jikinsa. Wanda ya ɗauke ta a matsayin magani zai gaji ya yi fushi idan bai ga sauyi ba. Wanda kuma ya raina ta ya bari, ya bar ɗan'uwansa shi kaɗai da tunaninsa, kuma babu abin da wannan ciwo yake so kamar haka.

Kalmar “damuwa” tana ruɗar mutane. A bakinmu, wanda aka riƙe wa kuɗi yana cikin damuwa, wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa ma yana cikin damuwa. Irin wannan tana da dalili a fili, kuma da dalilin ya kau, ko wani labari mai daɗi ya zo, sai ta lafa. Abin da likitoci suke kira ciwon damuwa ya wuce nan. Suna faɗarsa ne idan mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kullum kuma mafi yawan yini, yana cikin ƙunci ko ya daina sha'awar komai, tare da wasu alamomi kamar lalacewar barci, ƙin abinci ko yawan cinsa, mutuwar jiki, kasa tattara hankali, ganin kansa ba shi da wata daraja, da tunanin mutuwa. Ana cewa ya yi tsanani idan alamomin suka taru har suka hana mutum sana'arsa da kula da kansa, kamar yadda ka siffanta yayanka. Ba kuma ciwo ne na wasu 'yan tsiraru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta masu fama da shi a duniya sun kai kimanin miliyan 280, ta kuma ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki fiye da kashi 75 cikin 100 na masu shi ba sa samun kowane irin magani. Da kuka kai shi asibiti kun riga kun yi abin da mafi yawan iyalai ba su samu yi ba.

Alamar da ta fi shafar tambayarka ita ce mutuwar jin daɗi. Ka taɓa yin zazzaɓin da bakinka ya yi ɗaci, aka ba ka shayi mai sukari ka ji kamar ruwan maɗaci? Sukarin bai lalace ba, kai ma ba raina mai kawowa ka yi ba, harshen ne ya daina aikinsa na ɗan lokaci. To haka zuciyar mai wannan ciwo take. Hular da a da zai juya ta ya duba ɗinkinta, ya gwada, ya tambaye ka nawa ka saya, yanzu yana ganinta ne kawai, babu abin da yake motsawa a ransa. Ga kuma nauyin jiki: kwance leda, gwada hula, neman kalmar godiya, kowanne aiki ne a wurinsa. A kan wannan kuma sai ciwon ya ɗora masa kunya. Shi ne babba, shi ya saba bayarwa, yau ga ƙaninsa yana kawo masa. Sau da yawa shirun da kake ɗauka rashin godiya ne, a cikinsa cewa yake yi bai cancanci wannan ɗawainiya ba. Da yawa daga waɗanda suka warke sukan faɗi daga baya cewa sun san duk wanda ya zo da wanda bai zo ba, amsawa ce kawai ta gagare su. Mai zazzaɓi ma ai jikinsa yana amfana da shayin ko bai ji zaƙinsa ba.

To idan ba ta faranta masa rai ba, me kyautar take yi? Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun lura cewa tunani biyu ne suka fi jefa mai wannan ciwo cikin haɗari: ya ga cewa ya zama kaya a kan mutane, ya kuma ga cewa ba shi da kowa. Ba a kayar da irin wannan tunani da gardama. Idan ka ce masa “ai muna ƙaunarka”, ciwon zai raɗa masa cewa kara kake yi masa. Amma sallamarka a ƙofar ɗakinsa duk ranar Talata da Juma'a, da ƙwaryar fura a hannunka, mako bayan mako, hujja ce da take taruwa a hankali, wadda ƙaryatawa yake da wuya.

An taɓa gwada wannan a aikace. Tsakanin 1969 da 1974, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Jerome Motto a birnin San Faransisko na Amurka ya bibiyi mutanen da aka kwantar a asibiti saboda ciwon damuwa ko tunanin kashe kai, waɗanda bayan an sallame su suka ƙi ci gaba da ganin likita. Su 843 ne. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ba a sake tuntuɓar su ba. Ɗaya kashin kuwa aka riƙa aika musu gajeruwar wasiƙa, layi biyu ko uku, ana gaishe su, ana nuna an damu da halin da suke ciki, ba tare da an nemi su yi komai ba. Da farko duk wata, daga baya duk wata biyu, sa'an nan duk wata uku, wasiƙa 24 a cikin shekara biyar. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa a shekaru biyun farko, waɗanda suka kashe kansu a cikin masu samun wasiƙa sun yi ƙasa da na ɗaya kashin a fili. Gaskiya ce a faɗa maka cewa bambancin ya riƙa raguwa a shekarun da suka biyo baya, kuma gwaje-gwajen da aka yi daga baya da katin gaisuwa da saƙon waya wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba. Wasiƙar ba ta warkar da kowa ba. Amma takarda ce kawai daga mutumin da ba danginsu ba, ta taimaka wajen riƙe rayuka a lokacin da haɗari ya fi yawa. Ka lura da siffarta, domin ita ce darasin: ƙarama ce, ba ta yankewa, kuma ba ta neman amsa.

Sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta riga ta nuna wannan hanya. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, Allah Ya ƙara masa yarda, ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, dalilin da ya bayar kuwa shi ne abin da ya same su ya shagaltar da su. Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir, a bai wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, tana danganta hakan ga Manzon Allah. Waɗannan ruwayoyi a kan baƙin cikin rashi da rashin lafiya suka zo, kada a ɗora musu abin da ba su faɗa ba a ce kunu ya isa maganin ciwon damuwa mai tsanani. Abin da za ka ɗauka shi ne hikimar da take ciki: wanda baƙin ciki ya danne, abu mai sauƙi ma yakan gagare shi, don haka sai a duba abin da ya gagare shi a yi masa.

Da wannan ma'aunin za ka auna abin da kake kai wa yayanka. Fura da tsire suna kan hanya, musamman ga wanda ba ya cin abinci, kuma ɗan kaɗan da za ku ci tare ya fi babban kwano da za a ajiye masa a tafi. Hula da turare ba laifi ba ne, sai dai kaya ne na mai fita, shi kuwa bai kai nan ba tukuna. Akwai kyautar da ta fi su, wadda ba a saka ta a leda. Tela da ya rufe shago wata huɗu, kusan tabbas akwai yadudduka na mutane a ciki, wasu an biya kafin alƙalami, masu su suna ta kiran waya, shi kuma yana ganin kiran yana kasa ɗauka, kowane kira yana ƙara masa ganin kansa a matsayin maci amana. Ka nemi izininsa, ka je da wani telan da ya yarda da shi a ƙarasa ɗinkin, ko a mayar wa kowa kayansa da ban haƙuri. Ka yi magana da mai shagon a kan haya. Kuɗin makarantar yara, cefane, kuɗin mota zuwa asibiti, kuɗin maganin kansa, wanzami ko mai aski da zai zo har gida, waɗannan su ne duwatsun da suke kan ƙirjinsa da dare. Duk wanda ka ɗauke, ka rage masa abin da zai kwana yana juyawa. Ka yi shi kuma cikin sirri gwargwadon iko, ta hannun matarsa ko kai tsaye ga makarantar, don kada ya ji an tallata gazawarsa.

Kada ka ce masa “idan kana buƙatar wani abu ka faɗa mini”. Magana ce mai kyau, amma ba zai faɗa ba, domin yanke shawara yana cikin abubuwan da ciwon yake kashewa, ga kuma nauyin roƙon ƙani. Ka ce, “Yaya, gobe bayan La'asar zan zo in kai yara islamiyya,” ka kuma zo. Idan ka yi alƙawarin rana kada ka saɓa, gara ka ɗauki kaɗan da za ka iya dawwama a kai. Ziyarar ma ta zama gajeruwa, kamar yadda malamai suka faɗa a ladubban gaida marar lafiya. Ba dole sai an yi hira ba. Ka zauna kusa da shi minti goma sha biyar, in ya yi magana ka saurara ba tare da ka yi gaggawar gyara masa tunani ba, in ya yi shiru kai ma ka yi. Ranar da ba ka samu zuwa ba, saƙon waya ya isa, ka kuma rubuta masa cewa ba sai ya amsa ba.

Akwai wani mataki da yake gaba da wannan. Ciwon damuwa yana tafiya ne a zagaye: mutum ya ji ba ya son yin komai, sai ya kwanta, kwanciyar ta raba shi da duk abin da a da yake ba shi ƙarfi, sai ƙuncin ya ƙaru, sai ya ƙara kwanciya. Ɗaya daga cikin hanyoyin maganin da ba na ƙwaya ba an gina ta ne a kan karya wannan zagaye, ta yadda za a tsara wa marar lafiya ƙananan ayyuka ya fara yi tun kafin sha'awar ta dawo, domin a wannan ciwo motsi ne yake riga sha'awa zuwa. Wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 440, aka buga a 2016, ya nuna wannan hanya mai sauƙi, a hannun ƙananan ma'aikatan lafiya da aka horar, ba ta gaza hanyar gyaran tunani da ƙwararru suke yi ba. Kai ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma kyautarka tana iya zama ƙofar irin wannan motsi. Ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka ce ku sha furar a can. Bayan kwanaki, a ƙofar gida. Wata rana ka ce ya raka ka masallacin unguwa sallar Magariba. In ya ce ba zai iya ba, ka ce to, ka sake tayi wani satin ba tare da nuna ɓacin rai ba.

A nan zan ba ka wata shawara da nake ganin ta fi hula. Ka nemi wani ƙaramin abu a wurinsa. Ka zo da riga da maɓalli ya cire, da allura da zare, ka ce, “Yaya, ka ɗan taimaka mini da wannan, ban yarda da hannun kowa ba.” Ka tambaye shi shawara a kan wani al'amari naka kamar yadda ka saba. Mutumin da yake ganin ya zama kaya, mayar masa da matsayinsa na yaya, ko na minti biyar ne, kyauta ce babba. Sharaɗin shi ne abin ya zama ƙarami sosai, wanda in ya kasa ba zai ji ya kunyata ba.

Kyauta kuma tana iya cutarwa. Mafi munin abin da yake lalata ta shi ne gori, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Gori ba sai da kalma mai zafi ba. “Duk abin da muke yi maka har yanzu ba ka ji sauƙi ba?” gori ne. “Ina hular da na kawo maka, ba ka saka ba?” ma yana iya zama gori a kunnensa, ko da ba haka ka nufa ba. Haka babbar kyauta mai tsada tana iya ƙara masa jin bashi. Taron dangi su cika ɗaki kowa da nasa wa'azin yana gajiyar da shi. Yaɗa halinsa a zaurukan WhatsApp na dangi da sunan neman addu'a, ba da saninsa ba, tona asiri ne.

Maganar kawunku kuwa, ka karɓe ta da ladabi, domin shi ma so yake ɗansa ya tashi, amma ba daidai ba ce. Sangartacce yana jin daɗin abin da ake ba shi, har yana neman ƙari. Yayanka ko buɗe ledar bai yi ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ciyar da gidansa da keken ɗinki ba ya wayar gari ya zaɓi yunwa da rashin barci don a lallashe shi. Ɗan abin da yake gaskiya a maganar kawu shi ne kada a ɗauke masa komai da komai har abada. Yayin da yake samun sauƙi, a riƙa mayar masa da ayyukansa ɗaya bayan ɗaya. Amma a ƙyale mai ciwo mai tsanani wai zai tashi da kansa, wannan ganganci ne da rai. In da hali ka roƙi kawu ya raka ku asibiti ranar ganin likita, ya ji bayani daga bakinsa. Dattijo yakan karɓi magana daga likita wadda ba zai karɓa daga ɗan cikinsa ba.

Za ka kuma ji masu cewa raunin imani ne ko rashin tawakkali. Kada ka bari a faɗa masa haka. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Baƙin ciki bai kore imani ba, balle ciwo. Malaman Musulunci ma sun daɗe da gane bambancin. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, daidai da 934 miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake saukar wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba ya hana shi walwala, ya kuma danganta na biyun ga jiki, ya ce yana buƙatar a yi wa jikin magani. Addu'a da karatun Alƙur'ani da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, ku yawaita, kuma ba sa karo da maganin asibiti, domin neman magani shi ma umarni ne na Sunna. Amma duk wanda ya ce a ajiye maganin likita, ko ya zo da duka da ɗauri da turaren da zai shaƙe marar lafiya, ku nisance shi.

Mafi tsadar kyautar da za ka yi wa yayanka a yanzu ita ce ka tsaya a kan maganinsa. Magungunan wannan ciwo ba sa aiki kamar maganin ciwon kai. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana sha kullum kafin a fara ganin sauyi, cikakken amfaninsu kuma yakan ɗauki fiye da haka, alhali abubuwan da suke sa wa jiki, kamar bushewar baki, jiri, tashin zuciya ko yawan barci, tun kwanakin farko suke bayyana. A wannan tsakanin ne mutane da yawa suke watsar da magani su ce bai karɓe su ba. Ka tabbata yana sha, kuma bai yanke ba saboda rashin kuɗi. Idan an yi mako huɗu zuwa shida babu wani sauyi, ku koma, domin likita yana iya ƙara yawansa ko ya canza wani, ko ya tura ku ga likitan ƙwaƙwalwa. Idan sauƙi ya samu ba a dainawa nan take, ana ci gaba aƙalla wata shida don kada ciwon ya dawo, kuma likita ne yake rage shi a hankali. Ku faɗa wa likita in yayanka ya taɓa shiga wani yanayi na akasin wannan, wato kwanaki yana ta zuba magana, ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana kashe kuɗi ba lissafi, domin wannan wani ciwo ne daban da maganinsa ya bambanta. Ku kuma faɗa masa gaskiya in yana shan wata ƙwaya ko maganin tari don ya samu barci.

Sa'an nan akwai halin da fura da ziyara ba su isa ba, sai asibiti a ranar. Idan ya fara cewa gara ya mutu, ko iyalinsa za su fi hutawa in babu shi. Idan ya daina ci da sha gaba ɗaya. Idan yana jin muryoyi, ko ya kafe a kan cewa Allah Ya riga Ya tsine masa, ko ya jawo wa gidan wata masifa da babu ita. Ka lura da wannan musamman, tunda maganar kyauta muke yi: idan shi ne ya fara rabar da kayansa, ya bayar da kekensa, yana bin mutane yana neman yafiya, yana barin wasiyya, ga wata natsuwa da ta sauko masa kwatsam bayan watanni na ƙunci, kada ka yi murna ka ce sauƙi ne. Likitoci kuma suna gargaɗi a ƙara sa ido a makonnin farko na shan magani da makonnin da suka biyo bayan sallama daga asibiti, domin ƙarfin jiki yakan riga hasken zuciya dawowa.

Ka tambaye shi kai tsaye, ku biyu, da murya mai taushi: “Yaya, tunanin kashe kanka yana zo maka?” Mutane suna tsoron wannan tambaya suna ganin za ta saka masa abin da babu a ransa. Bincike ya nuna ba ta sakawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin ya samu wanda zai faɗa wa. In ya ce e, kada ka firgita a gabansa, kuma ba lokacin jero masa ayoyin azaba ba ne. Ya san haramun ne, sanin ma yana cikin abin da yake ƙona shi. Ka gode masa da ya faɗa maka, kada a bar shi shi kaɗai, ku kawar da maganin ƙwari da na ɓera da makami daga gidan, maganinsa na asibiti ma matarsa ta riƙe tana ba shi na kowace rana, domin wasunsu suna da haɗari in an sha da yawa. In ya roƙe ka ka ɓoye, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne. Ku tafi asibitin da yake duba shi, ko sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni, haka babban asibitin ƙasa na Yamai.

Kada ka manta da matarsa. Kai kana zuwa ka tafi, ita ce take kwana ta tashi da shi, ga yara uku, ga tukunya, ga maganganun mutane, wataƙila har da masu cewa ita ta yi masa wani abu. Rabin abin da kake riƙo wa yayanka, in ka mayar da shi cefanen gidan, ko ka sa matarka ko 'yan'uwanku mata su ɗauke mata yara na yini ɗaya, shi ma ka yi wa. Kai ma kada ka ɗauki abin kai kaɗai. Ku raba kwanaki tsakanin 'yan'uwa biyu ko uku da yake sakewa da su, domin tafiyar tana iya kai watanni, kuma wanda ya gaji shi ne yake furta kalmar da zai yi nadama.

Ladanka ba ya jiran godiyarsa, yana kan niyyarka, ga ladan sada zumunci, ga na gaida marar lafiya. Hular kuwa ka bar ta a ledarta inda ya ajiye, kada ka tambaye shi labarinta.

Allah ne Mafi sani.